Siririyar Wayar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon soja ne. Ya yi ritaya yana saje, shi ya sa duk unguwarmu a Zuru ba mai kiransa da wani suna sai Saje, har matarsa. Ya dawo gida da ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, da murya wadda ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka umarni ne. Mahaifiyata ta musulunta lokacin da ta auri mahaifina, shi kuwa kawu yana nan da cocinsa, amma wannan bai taɓa raba gidajen biyu ba. Da Sallah su zo su ci nama, da Kirsimeti mu je mu ci shinkafa. Da mahaifina ya rasu kawu ne ya tsaya mana, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar koyon sana'a inda na koyi aikin wuta. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin mugun mutum zan bayar.

A farkon shekarun dubu biyu ina da kamar shekara talatin, ina da mata da ɗiya ɗaya. Wayarin nake yi wa mutane a cikin gari, wani lokaci kuma in ɗaure tsani a bayan babur in tafi Danko ko Mahuta. Sunana ya fara fita. Ba a ce na fi kowa ba, amma ana cewa in na yi aiki ba a sake kirana gyara.

A lokacin ne ɗiyar kawu ta fari, taubashiyata, ta dawo daga Kaduna inda ta koyo gyaran gashi. Tare muka tashi da ita, kuma tun muna yara ba ta taɓa barina in sha iska ba. Da na fara aikin wuta sai ta laƙaba mini Injiniya, don tsokana. Kawu ya gina mata shago a bakin titi, a ƙarshen filin gidansa. Gidan kansa yana can baya a gindin dutse, tsakaninsu akwai rumbuna biyu, da garken awaki, da bishiyar mangwaro. Mitar wuta kuwa a gidan take. Ke nan dole a jawo waya tun daga can har shagon, kuma tafiyar ba kaɗan ba ce.

Ni aka kira, ba sai an faɗa ba. Kafin in taɓa komai na zauna a kan bulo a cikin shagon na tambaye ta abin da za ta riƙa jonawa.

Ta ce, "Fitila mana, da fanka."

"Sai me?"

"Diraya uku, irin waɗanda ake zama a kifa wa mace a kai. Da hitar dafa ruwan wanke kai. Da dutsen guga saboda tawul. In Allah ya buɗa kuma in sa ɗan firij na lemo. Kai Injiniya, tambayar nan kamar ɗan sanda?"

Na ce mata dole ce ta sa. Duk abin da aikinsa zafi ne, diraya ko hita ko dutsen guga, yana jan wuta fiye da fitilun gida gaba ɗaya. Waya kuma ba launinta ake dubawa ba, kaurin jan ƙarfen da ke cikinta ake dubawa. Mu masu aikin muna kiransu da lamba: mai ɗaya da rabi ta fitila da fanka ce, mai biyu da rabi ta soket ce, daga nan sai mai huɗu, mai shida, har sama. In ka tura wuta mai yawa ta cikin siririya, sai ta ɗau zafi, robar jikinta ta yi laushi, wata rana ta narke. In kuma tafiyar da nisa, wutar tana raguwa a hanya, sai ka ƙara kauri a kan wanda da ma ya kamata.

Ta yi hamma da gangan ta ce, "Ni dai in na danna abu ya kama."

Na yi cikin shagon yadda ya dace. Kowane soket na ba shi wayarsa, fitilu na ware su daban. Mutanen da ke wucewa a titi duk sun gan ni a kan tsani, wasu su tsaya mu gaisa. Saura babbar wayar da za ta kawo wuta daga gida. Na auna nisan da igiya, na haɗa nauyin kayan a kaina, na je na sami kawu a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce mai shida ake buƙata.

Ya ce, "Ba sai an saya ba. Akwai waya."

Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar buɗe akwatin ƙarfe, ya fito rungume da nadin waya a cikin tsohuwar takardar siminti. Ya saye ta a Kaduna tun yana bakin aiki, da niyyar ranar da zai gina gidansa, sai aka yi gidan ba a taɓa ta ba. Ya ajiye ta a gabana kamar mai nuna wa baƙo jariri.

Na ciro filaya na fere bakinta. Gaskiya waya ce mai kyau. Jan ƙarfenta ja wur, mai laushi, ba irin wanda ake sayar mana a kasuwa ba, da za ka kankare ka ga fari a ciki. Amma mai ɗaya da rabi ce.

Na ce, "Kawu, wayar nan tana da kyau ƙwarai. Sai dai ta fitila ce. Ba za ta ɗauki kayan shagon nan ba."

"Mi ya hana ta?"

"Ta yi siriri."

"Ka san daga inda ta hito? Wannan ta Turai ce. Tun ba ka san hannun damanka ba nike ajiye da ita."

Na ce na yarda ta Turai ce, amma ko a Turai ba a ɗora wa irinta diraya uku. Na kwatanta masa da ruwa: in kana so ka cika randa da sauri ba ka zuba ruwan ta bakin buta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a daji ya gani da idonsa, siraran sojoji su ne ke ɗaukar kaya su wuni suna tafiya, masu ƙiba su ne ke zubewa a hanya. Na ce waya ba soja ba ce. Da na san yadda maganar za ta faɗa a kunnensa da na sake mata hanya, amma ta riga ta fita.

Ya ajiye fartanyar. "Wato ni ban san waya ba. Ni da na kai ka makarantar."

"Ba haka nake nufi ba, Kawu."

"Za ka sa ko ba za ka sa ba?"

Na sunkuyar da kai na ce ba zan iya sa wannan ba. Na ce in ya yarda a ajiye ta, in ya tashi ƙara ɗaki sai in yi masa fitilu da ita.

Ya ce, "To bar mini tsaninka. Tashi ka tahi."

Na bar masa tsanin. Da kansa ya yi aikin, da ƙafar nan tasa mai ciwo. Da na zo ɗaukar tsanina na tsaya ina kallo, abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni tausayi. Ya kafa turaku uku a miƙe kamar masu fareti, ya ja wayar ba lanƙwasa ko ɗaya, ya shigar da ita ta ƙarƙashin kwanon shagon, ya bi da ita a kan katakon rufi, ya buga mata ƙusoshi a jere. Ban taɓa ganin aikin kuskure mai tsafta irin wannan ba.

Na ja taubashiyata gefe na ce mata, don Allah, diraya ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kada ta haɗa da hita. Ta ce ta ji. Da farko ta kiyaye, don masu zuwa ba su da yawa. Amma hannunta yana da kyau, matan sojoji na bariki suka gano ta, sai malaman makaranta, sai 'yan matan kwaleji. Ba za ka ce wa mai sana'a ta bar mata uku a zaune da jiƙaƙƙen kai alhali ga diraya biyu a kashe ba. Ga shi wutar ma ba kullum ake kawowa ba, in an kawo kowa so yake ya yi abin da zai yi kafin a ɗauke.

Ba a daɗe ba ta fara aiko mini. In ta kunna ta biyu sai fitila ta yi ja, fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci. In ta kunna ta uku, babu wadda ke yin zafin kirki, mace sai ta yi zaman da ya ninka na da kafin gashinta ya bushe.

Ta ce, "Injiniya, soket ɗinka ne ba su da ƙarfi."

Na kama hannunta na kai ta bayan shago, inda wayar ke shiga ƙarƙashin kwano, na ce ta taɓa. Ta taɓa ta janye.

"Rana ce ta buge ta."

"A inuwa take. Ki gaya wa babanki."

"Kai ka gaya mishi mana. Ba kai ne injiniya ba?"

Sai fis ya fara tsinkewa a gida. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, don aikinsa ke nan: siririn zaren ƙarfe ne da ake sawa don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Ashe kawu yana gyarawa da kansa. Ya tsinke, ya ninka zaren biyu. Ya sake tsinkewa, ya ninka uku. Daga baya ya gaji ya samo guntun jan ƙarfe mai kaurin tsinken tsire ya ɗaura. Daga ranar fis bai sake tsinkewa ba, kuma ya faɗa wa matarsa cewa ya gano matsalar ya magance ta.

Na je wurin mahaifiyata na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ita ce kaɗai zai saurara. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba. Ta ce ita ƙanwa ce, tun suna yara ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba, ba kuma a kan waya za ta fara ba. Ta ce in yi addu'a.

Akwai lokacin da kawu ya tafi Birnin Kebbi tantance 'yan fansho. Na yanke shawarar in samo wayar da kaina in canza kafin ya dawo, kome zai faru ya faru. Na je gidan da igiyar awo, matarsa ta tare ni a ƙofa. Ta roƙe ni da girman Allah in bari. Ta ce mutumin da ke gane an taɓa masa reza, shi ne ba zai gane an canza masa waya ba? Kuma in ya dawo ni ina gidana, ita ce za ta amsa tambaya. Na naɗe igiyata na koma.

Abin ya faru ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Ista, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, kwano yana ɗaukar rana tun hantsi. Akwai ɗaurin aure a cocinsu kawu, amarya da 'yan matanta duk a shagon za a yi musu kai. An kawo wuta tun safe, mai ƙarfi kuwa. Ni ina bayan kasuwa ina sa wa wani mai chemist, wato shagon magani, fanka, sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa bai ko kashe babur ba, ya ce in zo, shagon ɗiyar Saje ya kama da wuta.

Kafin in isa an kashe. Hayaƙi ne kawai ke fita ta ƙarƙashin kwano, da warin ƙonanniyar roba wanda ni na san shi tun daga nesa. Silin ya ƙone ta kusurwa ɗaya ya rufto, katako biyu sun yi baƙi, ƙasa duk yashi da ruwa. Diraya ɗaya ta faɗi ta fashe lokacin da mata ke rige-rigen fita. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji mummunan ciwo, kuma har gobe ina gode wa Allah a kan wannan. Amarya tana zaune a gindin mangwaro da robobin naɗe gashi a kai, rabi a bushe rabi yana ɗiga, tana kuka. Uwarta tana tsaye a kanta tana faɗa da duk wanda ya matso.

Kawu yana bakin ƙofa da bokitin yashi. Shi ya fizge fis, shi ya hau kan tebur ya fasa silin ya watsa yashi. Gashin girarsa ya babbake, bayan hannunsa na dama ya tashi.

Ina sauka daga babur wata mata ta nuna ni. "Ga shi nan! Ai shi ya yi wayarin ɗin, da idona na gan shi a kan tsani."

Uwar amarya ta juyo kaina. Ba zan maimaita abin da ta faɗa ba. Ta haɗa da Hausa, ta haɗa da yarenmu na C'lela, har da Turancin bariki. Ta ce irinmu ne ke karɓar aikin da ba mu iya ba, mu kashe 'ya'yan mutane. Jama'a sun cika wurin, kowa yana kallona.

Na dubi kawu. Yana ji, don tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Ya ajiye bokitin ya ce da muryar nan tasa, "Ku yi haƙuri. Wuta ce aka kawo da ƙarhi."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Na dubi taubashiyata, ta sunkuyar da kai tana tsince gilas. Na buɗe baki, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Mahaifiyata ce, ban san lokacin da ta iso ba. Ta ce mini a hankali da C'lela, yaren da ba ta yi mini sai magana ta kai magana, in na furta kalma ɗaya a wurin nan ba ta yafe ba.

Na yi shiru. Na hau cikin rufin na ciro wayar. Robar ta narke ta manne da katako, jan ƙarfen ya fito tsirara tsawon kamu guda. Wayoyin da na sa a cikin shagon kuwa ko ɗumi ba su yi ba. Ba wanda ya tambaya, ban kuma nuna wa kowa ba. An busar da kan amarya da mafici da rana, aka ɗaura auren bayan azahar maimakon safe.

Zuru ba ta da girman da magana za ta ɓata a hanya. Kafin sati ya zagayo, in na tsaya shan mai sai in ji an ce, "A'a, mai ƙona amare!" ana dariya. Wasu da wasa suke yi, na sani. Amma mai chemist ɗin nan ya kira wani ya sake duba fankar da na sa masa. Wata makaranta da ta ce in zo in duba azuzuwa ta yi shiru. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wani ɗan kasuwar hatsi a Mahuta, dattijo, da ya gina gida babba muka gama magana zan yi masa wayarin gaba ɗaya. Ya aiko a ce mini in dakata tukuna, zai neme ni. Na san ma'anar wannan.

Na zauna a gida ina gyaran tsofaffin fankoki da dutsen guga. Matata ta ce ita ba ta ga dalilin da zan ɗauki kayan da ba nawa ba, in ba zan faɗa ba ita za ta faɗa a gidan suna. Na hana ta, muka kwana biyu ba ma magana sosai. Na koma wurin mahaifiyata, na ce to yanzu ga abin da shirun ya jawo. Ta ce, "Kai yaro ne, sunanka zai wanku. Shi in nasa ya ɓaci yanzu, da shi za a binne shi." Na ce ina da iyali. Ta ce shi ma yana da iyali lokacin da ya ɗauki nauyinmu.

Taubashiyata ta zo gidana wata ranar da yamma, ba tsokana, ba Injiniya. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce ta zo ba ni haƙuri.

Na ce, "Haƙurin me? Ke kin san wanda ya ja wayar nan. Mata nawa ke zama a gabanki kullum? Baki ɗaya za ki buɗe."

"So kake in tsaya a bakin titi in ce ubana ya kusa ƙone mutane?"

"Sai ki bari a ce ni ne?"

"Ban taɓa cewa kai ne ba. Duk wadda ta tambaye ni, cewa nake wuta ce ta yi ƙarfi."

"Su kuma sai su ce, da wayarin na kirki ne da ya riƙe."

Ta ce tun ranar baban nata bai ci abincin kirki ba, kuma ya daina zama a gindin mangwaro. Na ce ni ma ban ga alamar ina ƙiba ba. Ta tashi ta tafi ranta a ɓace, ni ma nawa a ɓace.

Da hannunsa ya fara warkewa, kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗaki, an naɗe hannun da bandeji. Na gaishe shi, na yi masa ya jiki. Na zauna ina jiran maganar da na daɗe ina shirya amsarta.

Ya ce, "Wayar nan da ka ce. Mai nawa ce?"

"Mai shida."

"Tashi mu tahi."

Na goya shi a babur har shagon kayan wuta. Mai shagon ya san ni, ya kuma ji labari kamar kowa. Yana auna wayar yana cewa, "Ai ka ga irin wadda ya kamata a sa tun farko ke nan. Wa ya ce muku a ja wa diraya siririya?" Yana maganar yana kallona ta gefen ido. Na juya na kalli kawu. Kawu yana kallon titi, kamar akwai abin da ke wucewa. Can ya ce, "A ƙara kamu biyu, kada ta gaza."

Na yi aikin a yini ɗaya. Na sa wayar cikin bututun roba inda ta bi ta rufi, na cire guntun ƙarfen da ke cikin fis na mayar da zaren da ya dace, na sa wa shagon nasa makashin daban. Kawu ne ya riƙe mini tsani da hannunsa mai lafiya, tun safe har la'asar, bai zauna ba. Ban ce masa komai ba sai "miƙo filaya", shi ma bai ce komai ba sai "yi a hankali". Da aka kawo wuta na sa aka kunna diraya biyun da suka rage, da hita, da dutsen guga, duk a tare. Fitila ba ta ko ƙifta ba. Bayan an jima na ce ya taɓa wayar. Ya taɓa, ya daɗe riƙe da ita.

Ya ce, "To. Yanzu wutar tasu ta daidaita."

Na tattara kayana. A hanya na tsaya a bakin rafi na zauna ni kaɗai har haushin ya ɗan sauka, don ban so in kai shi gida.

Ana nan, damina ta fara, sai ga saƙo daga dattijon nan na Mahuta cewa in zo in fara aiki. Na yi murna ƙwarai. Na ɗauka gaskiya ce ta yi halinta, wani ya faɗa masa yadda aka yi. Na isa da sassafe, ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini kunu. Muna zagaya ɗakunan sai ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Ka gode wa Allah da ya ba ka kawu. Har nan ya zo, a motar kasuwa, da hannu a naɗe. Ya zauna inda ka zauna ɗin nan."

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce in ba ka aikin, shi ya tsaya maka. Ya ce abin da ya faru ya riga ya faru, an ɗauki darasi, ba za a sake ba. Ni kuwa na ce, tunda babba kamarsa ya taso, ai kuskure kowa na yi. Yaro ba ya ƙwarewa sai ya ɓata."

Na tsaya riƙe da kofin kunu. An ɗauki darasi. Bai ce wa ya ɗauka ba, bai ce wa ya yi ba. Na san kawu, na san ba zai ce ni na yi ba, don ba ya ƙarya kai tsaye. Na kuma san abin da tafiyar nan ta ci masa, mutumin da ko ruwa ba ya roƙa a gidan wani. Amma dattijon ya fahimci abin da ya fahimta, kuma da a da yana shakka, yanzu ya tabbatar. Na ji kamar in ajiye kofin in hau babur ɗina. Sai na tuna matata da ɗiyata, na tuna fankokin da nake gyarawa. Na shanye kunun na ce, "Na gode, Alhaji."

Na yi masa aikin. Kullum yana biye da ni daga ɗaki zuwa ɗaki, duk wayar da na warware sai ya murza ta da yatsa ya tambaye ni ko ta isa. Ya ma kira wani maƙwabcinsa, malamin asibiti, ya zo ya duba masa, mutumin da bai san bambancin soket da makunni ba. Na haƙura na gama. Daga gidan nan na sami wasu ayyukan a Mahuta, daga baya na Zuru ma suka dawo a hankali, ko da yake akwai gidajen da ba su sake kirana ba har na bar sana'ar.

Ranar da na dawo daga Mahuta, ko wanka ban yi ba mahaifiyata ta aiko tana tambaya ko na je na yi wa kawuna godiya. Na ce gobe. Da gari ya waye ta sake aikowa. Na sayi sukari da ganyen shayi na tafi. Na same shi a ƙofar ɗaki yana jiƙa irin dawa. Na durƙusa na ce na zo godiya a kan tafiyar da ya yi domina.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Ba komai. Ai kai ɗana ne." Ya karɓi ledar ya leƙa ciki, ya miƙa wa matarsa. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da rediyonsa, ya ce kwana biyu tana shaƙewa in ya kamo labarai, in duba masa tunda na zo. Na zauna a kan turmi na buɗe bayanta, shi kuma ya jawo kujera kusa da ni yana nuna mini inda yake ganin matsalar take.